Na'urar DVD ta gidanmu da faifan da Inna take son gani

A ƙarshen hunturun da ya wuce Inna ta ce in sa mata faifan bikin ƙanwata, wanda aka ɗauka a tsakar gidanmu na unguwar Ali Ɗan Sofo shekaru fiye da goma da suka shige, domin a cikinsa ne kaɗai muke da hoton mahaifinmu mai motsi, Allah ya jiƙansa, yana zaune bisa tabarma yana amsa gaisuwar baƙi. Na'urar DVD ɗin ta daɗe a ƙarƙashin tele ba wanda ya taɓa ta, tun da yara suka koma kallo a wayar hannu. Na kunna ta, ta haɗiye faifan, ta yi ta juya shi da wata 'yar ƙara, daga bisani ta rubuta a fuskarta cewa babu faifai a ciki.

"Ɗan nan, kada dai a ce faifan ne ya lalace," in ji Inna.

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri zuwa gobe, zan bincika."

Tsoron da ke cikin muryarta shi ya sa na bi lamarin a hankali. Abin da na gano a makon nan shi ne, yawancin na'urorin da ake jinginewa a gidajen Maraɗi da sunan sun mutu ba su mutu ba. Ƙura ce, ko zafi, ko rawar wutar lantarki ta kwantar da su, kuma wanda ya san inda zai fara dubawa yakan tashe su ba tare da ya kashe kuɗi mai yawa ba.

Abubuwa huɗu ne suke haɗuwa kafin hoto ya fito: faifai, na'ura, waya da tele. Kafin a ɗora wa ɗaya laifi sai a ware shi daga sauran, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a sa wani faifan da aka tabbatar yana aiki. Na ɗauko wani tsohon faifan VCD na finafinan Kano, irin waɗanda ake shigowa da su ta Jibiya da Ɗan Isa a shekarun baya, na sa, sai ga hoto ya fito sarai. Na sa faifan DVD na kanti, ta ƙi. Wannan ya kwantar mini da hankali game da faifan biki, amma ya ɗaure mini kai, don ban ga dalilin da na'ura ɗaya za ta karɓi wani faifai ta ƙi wani ba.

Dalilin yana cikin abin da masu gyara suke kira ido. Ba allura ce take karanta faifan ba, siririn haske ne na leza yake fitowa ta cikin wani ɗan gilashi, ya bugi faifan, ya dawo da saƙon da aka rubuta a jikinsa. Faifan CD da na VCD ana karanta su da haske mai tsawon zango nanomita 780, shi kuwa DVD, wanda ya fara fitowa a Japan a ƙarshen 1996, da jan haske mai gajeren zango, nanomita 650, ake karanta shi, saboda 'yan ramukan da ke ɗauke da rubutu a jikinsa sun fi ƙanƙanta kuma sun fi matsuwa. Matsuwar nan ce ta sa faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yake ɗaukar gigabait 4.7, alhali CD ba ya wuce megabait 700. Ke nan a cikin ido ɗaya akwai fitila biyu, kuma ta DVD tana iya raunana ko ƙura ta dushe mata hanya yayin da ta CD take ci gaba da aikinta. Duk wanda ya san hazon Maraɗi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yadda ƙura take shiga har cikin akwatin da aka rufe, ba zai yi mamakin ta samu ɗan gilashin nan ba.

Na kai ta wurin wani mai gyaran rediyo da tele a Sabon Gari, dattijo mai natsuwa. Ya kwance murfin, ya haska ciki da tocila, ya ce, "Malam, idon ne ya sha ƙura, bai mutu ba." Ya hura ƙurar da ɗan famfon roba, ba da baki ba, don numfashi yana ɗauke da danshi. Sannan ya ɗan jiƙa audugar goge kunne da alkol na farmasi, ya shafi gilashin sau biyu da tausasawa kamar mai taɓa idon jariri, ya bar shi ya bushe. Ya gargaɗe ni cewa gilashin yana rataye ne a kan wasu siraran wayoyi da ke ɗaga shi suna sauke shi, kuma dannawa da ƙarfi tana karkatar da shi har abada. Wanda zai yi wannan aiki a gida lalle ne ya zare wayar wuta daga bango tukuna, kada kuma ya leƙa cikin idon alhali na'urar tana kunne, domin hasken yana cutar da gani. Ni dai a ra'ayina, in faifan da ake son gani mai daraja ne, gara a bar wa mai sana'a.

Faifan kanti ya yi aiki nan take. Na biki kuwa ya fara, ya kai tsakiya, ya riƙa tsayawa hoton yana farfashewa gida-gida. A nan laifin ya koma kan faifan. Da na juya shi a hasken rana sai na ga sawun yatsu da wani karce mai bin zagayen faifan. Rubutun faifai yana farawa ne daga tsakiya ya yi ta kewayawa zuwa baki, saboda haka karcen da ya ratsa daga tsakiya zuwa baki yana taɓa ɗan kaɗan ne a kowane zagaye, na'urar kuma tana iya cike giɓin da kanta, amma wanda ya bi zagayen yana shafe dogon layi a jere. Shi ya sa goge faifai da gefen riga ana murzawa a kewaye, kamar yadda kusan kowa yake yi, ya fi barinsa da dattinsa illa. Ana wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, a tsane shi da ƙyalle mai laushi, daga ramin tsakiya a miƙe zuwa baki. Haka na yi, kuma tsayawar ta ragu ƙwarai.

Akwai wani abu game da faifan biki da na suna da ya kamata kowane mai iyali ya sani. Faifan kanti a masana'anta ake buga shi, ramukansa a jikin roba suke. Wanda mai ɗaukar bidiyo ya ba ka kuwa, mai launin shunayya a ƙasa, a kwamfuta aka ƙona shi, kuma rubutun yana kan wani rini ne wanda zafi da hasken rana suke ci sannu a hankali. A garin da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, faifan da aka bari a kan tele, ko bakin taga, ko cikin mota, kwanansa ƙidayayye ne. Wani lokaci ma tun daga ranar farko yake ƙin aiki a gida, alhali yana yi a kwamfutar wanda ya ƙona shi, don kawai bai rufe rubutun ba bayan ya gama.

Ba kowace tsayawa ce cuta ba. Faifai mai shimfiɗa biyu, mai ɗaukar gigabait 8.5, yakan ɗan dakata na ƙiftawar ido a tsakiyar fim lokacin da ido yake sauya shimfiɗa.

Matsalar waya da tele ta fi saurin warwarewa. Kan waya mai ruwan ɗorawa na hoto ne, fari da ja na sauti, kuma mutane da yawa suna soka su a ramukan da ba nasu ba, musamman a bayan na'urar da ke da wani jerin ramuka na kore, shuɗi da ja. In sauti yana fita babu hoto, a fara duba nan, a kuma tabbatar an juya tele zuwa mashigar da aka soka wayar. In hoton ya fito baƙi da fari, ko yana birgima sama da ƙasa, galibi tsarin launi ne ya saɓa: Amurka da Japan suna amfani da NTSC, Najeriya da yawancin Turai suna kan PAL, kuma sauya na'urar zuwa PAL a shafin saitinta yakan maido da launi. Ga kuma rabon yankuna da kamfanonin fim suka yi wa duniya. Amurka da Kanada yanki na 1 ne, Turai na 2, Nijar da yawancin Afirka na 5, saboda haka tsohuwar na'urar da aka kawo daga Faransa tana iya ƙin faifan asali da aka sayo a Amurka ko a Indiya. Faifan da aka ƙona a gida ba ya ɗauke da wannan kulle.

Na'urar da ba ta kawo wuta gaba ɗaya, ko take kunnuwa tana mutuwa, yawanci ɓangaren wutarta ne ya sha wahala. Wutarmu bolt 220 ce, amma lokacin da ta dawo bayan ɗaukewa, ko aka koma kan janareta, takan zo da ƙarfin da ya wuce ƙima, ta kumbura wasu ƙananan gwangwanaye da ke kan allon wuta. Mai gyaran ya nuna mini irinsu cike da wani kwano, ya ce sauya su aikin minti kaɗan ne. Tun daga ranar nake zare wayar da zarar an ɗauke wuta. Farantin ɗora faifai da ya ƙi fitowa kuwa, sau da yawa ɗan zoben robar da ke jan sa ne zafi ya saki. Telekomand kuma, wato rimot, in ya ƙi aiki a fara da sauya masa pil, wato batir. In ana shakka, a nuna kansa ga kyamarar wayar hannu a danna maɓalli, in yana da rai za a ga ɗan haske yana ƙyaftawa a allon wayar.

Da na tabbatar faifan biki yana karantuwa daga farko har ƙarshe, ban kai shi gida ba sai da na biya wurin mai kwamfuta aka kwafe shi sau biyu, ɗaya a filash, ɗaya a sabon faifai. Na roƙe shi ya shirya filash ɗin a tsarin FAT32, ya kuma juya bidiyon zuwa AVI, domin tsofaffin na'urori masu ramin USB da yawa ba sa gane sababbin nau'o'in bidiyon da wayoyi suke ɗauka. Kwafi ɗaya na aika wa ƙanwata a Tasawa, na asalin kuma na mayar da shi cikin gidansa na roba, a tsaye, a ƙasan akwatin Inna inda rana ba ta kaiwa.

Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma a falo, na sa sabon faifan. Da aka zo wurin da mahaifinmu ya ɗaga hannu yana amsa gaisuwar maƙwabta, Inna ta ce in tsayar, na tsayar. Ta daɗe tana kallo tana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa, sannan ta ce in mayar da shi baya kaɗan jikokinta su sake gani.