Asabar a Ƙofar Ƙaura: yadda firosesa ke barci

Ajinmu na koyon kwamfuta na yau bai fara da wuri ba, mai shagon da ke ara mana ɗakin baya ya tafi ɗaurin aure Batagarawa da makulli a aljihu. Sai wajen sha ɗaya muka shiga, zafi ya riga ya buɗe, ga kuma ba wuta, sola ce ke riƙe da fanka ɗaya da soket biyu.

Tun daren Alhamis na sauko da kanel ɗin Linux (zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta) guda biyu da datar dare: 3.9 na watan Afrilun 2013, da 3.10 wanda ya fito ƙarshen Yunin shekarar. Wata biyu ne kacal tsakaninsu, amma akwai abin da na daɗe ina son yaran nan su gani da idonsu.

Na fara da tambaya: in kwamfuta ba ta da aikin yi, me take yi? Wani ɗan poli ya ce ai ba komai. Na ce firosesa bai san ba komai ba, muddin yana kunne sai an miƙa masa umarni. Shi ya sa kanel ke ajiye wa kowace ƙwayar firosesa wani aiki na musamman mai lamba 0, wanda mai rabon aiki, wato sashen kanel da ke zaɓen aikin da firosesa zai yi, ke juyawa gare shi in layi ya ƙare. Aikinsa shi ne ya duba ko akwai mai jira, in babu ya kwantar da firosesa, in ya farka ya sake dubawa. A na'urorin Intel da AMD umarnin kwanciyar HLT ne ko MWAIT, a na ARM da ke cikin wayoyinmu WFI ne.

Daga nan na sa su nemo cpu_idle, sunan zagayen dubawa da kwanciyar nan, a cikin jakar arch ta 3.9, inda kowane irin firosesa ke da gidansa. Allo ya cika: alpha, arm, mips, powerpc, x86, da wasu irin cris da frv da ban taɓa ganin na'urarsu ba. Sparc ma biyu gare shi. Kowane gidan firosesa da nasa zagayen, galibi a fayil mai suna process.c. Muka jera uku gefe da gefe, kai ka ce ɗalibai ne suka kwafi aikin gida: dakatar da bugun agogon da ke tashin firosesa a kai a kai, sanar da RCU, duba need_resched (alamar cewa akwai aiki mai jira), kwanta, farka, koma wurin mai rabon aiki. Sai dai wannan ya gabatar da layi ɗaya, wancan ya jinkirta shi, wani kuma ya bar shi gaba ɗaya.

Barin layin nan ba wasa ba ne. RCU hanya ce da kanel ke bi don sanin lokacin da kowa ya gama karanta wani bayani kafin a share shi, kuma tana buƙatar a gaya mata cewa ƙwaya kaza ta tafi hutu, kar a tsaya jiranta. A 2012 an gano gidaje da dama ba sa yin wannan sanarwar, har Frederic Weisbecker ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana saka layuka biyu na sanarwar: alpha, cris, frv, m68k, parisc, xtensa da sauransu. Gyara ɗaya, faci barkatai, kowane da mai kula da shi da za a jira ya amince. Wasu na'urorin ma samun wanda ke da su a hannu ya gwada aiki ne.

Wurin da na fi daɗewa shi ne tazarar da ke tsakanin dubawa da kwanciya, don nan ne abin yake da daɗi. Mai gadi ya leƙa ƙofa, ba kowa, ya juya zai miƙe a benci. A daidai juyawar nan wani ya buga sau ɗaya ya yi shiru. Mai gadi bai ji ba, ya yi barcinsa, baƙo na tsaye a waje. Haka yake ga firosesa: in saƙon katsewa, wato siginar da ke kiran hankalin firosesa, ya iso bayan an duba need_resched amma kafin a kwanta, aikin da ya taso zai zauna jira har wani abu dabam ya tashe shi, kuma tunda an dakatar da bugun agogo, jiran na iya yin tsawo. Maganin shi ne a toshe katsewa kafin a duba. To amma in ka yi HLT da katsewa a toshe, me zai tashe ka? Na x86, wato Intel da AMD, suna da dabara: umarnin STI da ke buɗe katsewa ba ya fara aiki sai bayan umarnin da ke biye da shi, don haka in ka jera STI da HLT babu ratar da saƙo zai ɓuya. ARM kuwa WFI ɗinsa na farkawa ko da katsewa a toshe take. Wannan bambanci ne na gaskiya, na ƙarfe, ba wanda zai haɗe shi. Sauran zagayen kuwa babu dalilin da zai sa kowa ya rubuta nasa.

Haɗe zagayen nan wuri guda shi ne abin da Thomas Gleixner, ɗaya daga cikin masu aikin kanel, ya yi a 2013. Muka buɗe 3.10, ga kernel/cpu/idle.c, gajeren fayil, zagaye ɗaya na kowa da kowa. An bar wa kowane gida 'yan ƙofofi da zai cika in yana da buƙata: arch_cpu_idle don ainihin kwanciyar, wasu don shiga da fita, da arch_cpu_idle_dead don ƙwayar da aka kashe. A 3.15 ta 2014 fayil ɗin ya koma kernel/sched/idle.c, kusa da mai rabon aiki, can yake har yau.

Wata yarinya da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ɗaga hannu. "Malam, to in kuskuren yana cikin na gama-garin fa? Ai kowa ya shiga uku ke nan, da kuwa gida ɗaya ne." Na ji daɗin tambayar. Gaskiya ne, amma kuskuren da ya taɓa kowace waya da kowace sabar duniya ba ya kwana ba a gan shi ba, na cikin frv kuwa sai ya shekara yana zaune. Ni a ganina rage yawan layuka shi ne ƙaramar ribar. Babbar ita ce haɗewar ta tilasta a rubuta sharaɗi a fili: a wane hali za a kira ka, a wane hali za ka dawo. Da farko sharaɗin shi ne a kira arch_cpu_idle da katsewa a toshe, ya dawo da ita a buɗe. A 2023, cikin 6.3, Peter Zijlstra ya juya shi, yanzu a toshe ake dawowa. Sai da aka taɓa gidaje da yawa, amma galibi layi ɗaya ko biyu a kowane, don akwai ma'auni guda da ake auna su da shi.

Inda ban yarda da ɗokin haɗewa ba shi ne in an cusa abubuwan da ba ɗaya ba cikin aiki guda, a cika shi da "in kaza ne yi kaza". Wannan kwafi ne da aka ɓoye, ya ma fi wuyar karantawa. Na faɗa musu haka don na san halinsu, gobe sai in ga sun narkar da duk abin da ya yi kama da juna.

Bayan azahar muka koma kan ƙarfe. Tsohuwar ThinkPad ɗina mai firosesa Sandy Bridge ta 2011 ce abin gwaji. A /sys/devices/system/cpu/cpu0/cpuidle muka ga matakan barcin a jere: C1 na farkawa cikin mikrosakan 2, C6 kuwa 104, don a can ana yanke wa ƙwayar wuta ne kusan gaba ɗaya. Mai zaɓen matakin wani sashen kanel ne da ake kira gwamna, a nan mai suna menu, wanda ke hasashen tsawon hutun. Akwai kuma wasu gwamnonin, ladder da TEO da Rafael Wysocki ya kawo a 2019. Sai muka sake kunna ta da idle=poll, wato kar ta kwanta ko kaɗan, ta yi ta zagaye tana dubawa. Ba a buɗe komai ba amma fankarta ta ɗauki kuka, iskar gefen ta koma kamar ta bakin murhu, batir na zuba a gabanmu. Ɗan polin ya ɗora tafinsa ya janye, ya ce, "Malam, a mayar da ita, kar ta mutu a hannunmu."

Na ba su aikin mako: kowa ya nemo arch_cpu_idle na gidajen firosesa RISC-V da arm64 a kanel na yanzu, ya ƙirga layukan, ya zo ya gaya mana me ya rage a ciki da kuma dalilin da ya sa ba a iya ɗauke shi ba. Biyu sun ce ba su da data, na kwafa musu a filas kafin mai shago ya rufe don la'asar.