Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ranar da Aka Fasa Mini Tsakuwar Ƙoda

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya inda hoto ya nuna tsakuwa mai milimita 12 a ƙodata ta hagu, bayan daren da aka kwashe ni daga gidanmu na Tudun Wadar Kaduna ina birgima ina amai. Bayan ƙaramar sallar 2021 ne, shekarar da azumi ya faɗo cikin zafin Afrilu, ni kuwa kullum ina gaban wutar walda a Panteka.

Wuƙa nake tsoro. Mai waldar da aka tsaga wa kwiɓi, wata nawa zai yi kafin ya sake ɗaga ƙofar ƙarfe? Ga yara biyar, ga kuɗin haya. Da na faɗa wa likita, sai ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Taka ba ta kai santimita 2 ba, kuma inda ta zauna na'ura za ta same ta. Ba yanka."

Ya ce na'urar tana aiko da bugu mai ƙarfi ta cikin ruwa, ya ratsa fata da tsoka, sannan ya tattaru a wuri guda, kan tsakuwar. Nan take na tuna gilashin da muke tara hasken rana da shi muna yara har takarda ta kama wuta. A Munich ta ƙasar Jamus aka fara yi wa mutum wannan aiki a 1980, da injin kamfanin Dornier mai ƙera jiragen sama, kuma a lokacin cikin kwamin ruwa ake tsoma majinyaci. Likitan ya tambaye ni ko ina shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, aka gwada fitsarina ko akwai ƙwayar cuta. Mai juna biyu ma, in ji shi, ba a yi mata.

Abuja ya tura ni. Ni da ƙanena muka hau jirgin ƙasa na safe daga tashar Rigasa.

An kwantar da ni rigingine, aka shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi a kwiɓi, aka manna wani abu kamar matashin ruwa, aka yi mini allurar rage zafi. Sai ƙara ta fara, tas, tas, tas. Da farko kamar ana ɗalla maka roba a fata, da suka ƙara ƙarfi sai na riƙa jin shi can cikin baya. Ma'aikaciyar ta ce kada in ja dogon numfashi, don ƙoda tana hawa da sauka da numfashi, tsakuwar sai ta goce daga saiti. Na kama salati a hankali. Bugu kusan 3,000, cikin minti 45. Washegari muka dawo Kaduna.

Abin da ban fahimta da kyau ba sai da na dawo gida shi ne na'urar fasawa kawai take yi. Fitar da ɓurɓushin aikin jikinka ne, ta wannan siririyar hanya da ta sauko daga ƙoda zuwa mafitsara.

Fitsarin farko ja ya fito kamar zoɓo. Maiɗakina ta gani a fo, ta dafe ƙirji. "Baban Ummi, anya ba su fasa maka ƙodar ba?" Na ce mata likita ya riga ya faɗa, kwana ɗaya ko biyu zai washe, abin gudu shi ne zazzaɓi ko fitsari ya tsaya cak. Daga ranar ita ta karɓi ragamar jinyar. Ruwan leda 6 take jera mini a kan tabarma kowace safiya, lita 3 ke nan, kuma ba ta kwanciya sai ta ƙirga ledojin. Ta rage gishiri da magi a miya. Ita ke miƙo mini ƙwayar tamsulosin, mai sassauta hanyar fitsari don ɓurɓushin ya wuce, da dare, ta ce in tashi a hankali saboda jiri. Ta sayo sabuwar matatar shayi a Kasuwar Bacci, da ita nake tace fitsari.

Daren kwana na uku ciwon ya dawo, daga kwiɓi ya gangaro mara. Na durƙusa na rungume bokiti, tana dafe da bayana tana karanta mini addu'a har aka kira assalatu. Da gari ya waye, a cikin matatar muka ga wani abu kamar tsakin gero, launin ƙasa-ƙasa, da guda ɗaya mai kaifin baki kamar ɓallin walda. Ta ɗauraye su ta zuba a kwalba don a kai gwaji, hannunta na rawa. Shekara 16 da aurenmu, ban taɓa ganin ƙwalla a idonta saboda jikina ba sai ranar.

Bayan mako biyu na koma aka sake hoto, ina ta lissafin ranar buɗe shago. Likita ya daɗe yana duban allon, sannan ya juyo da shi wajena ya ɗora biro kan wani ɗan farin ɗigo, can ƙasa kusa da mafitsara.

"Malam, saura wannan."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.