Abin da na koya wurin Baba Kofur a gindin falwaya

Ƙarshen watan nan zan bar aikin jan wayar lantarki, kuma a makon da na miƙa takardata aka yi jana'izar Baba Kofur a Birnin Kebbi. Ya haura shekara 80. Kofur ba sunansa ba ne, igiyarsa ce ta soja ta bi shi har kabari.

Mutumin ƙasar Zuru ne, inda da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton soja a bango ba. Ya sa kaki a 1967, lokacin da yaƙin basasa ya sa ana ɗibar samari ba ƙaƙƙautawa, ya ga ƙarshensa a Janairun 1970. Da aka zo rage sojoji sai ya koma hukumar wutar lantarki ta NEPA, wadda aka kafa a 1972, ya yi shekaru yana bin layin da ke kawo wuta daga Kainji. Ya yi ritaya tun kafin a mayar da ita PHCN a 2005. Fansho bai riƙe masa gida ba, shi ya sa ya kama aiki wurin wani ɗan kwangilar kai wuta ƙauyuka. A can na same shi, shi ne shugaban ma'aikatanmu.

Dokarsa ɗaya ce, kowa ya haddace ta: ba a hawa sai an gwada layi da sandar da ke nuna ko akwai wuta, an ɗaure shi da wayar ƙasa, kana tsaye kana gani da idonka.

Ranar da ba zan manta ba, muna wani ƙauye a yankin Argungu. Washegari manya za su zo ƙaddamar da sabuwar transfoma, ga kuma wani haɗi da ya rage a kan layin 11kV. Sandar gwaji da wayoyin ƙasa an baro su a sito cikin gari. Injiniyan da ke kanmu ya ce ya buga waya tashar rarraba wuta, an kashe layin, a hau. Baba ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri a ɗauko kayan. Wuta ba ta san an buga waya ba." Injiniya ya dube shi a gabanmu, yaran da ya yi jika da wasunsu, ya ce, "Baba, tsufa ya sa maka tsoro. A haka ka yi yaƙin?" Baba ya cire hularsa ta kwano, ya share gumi, ya mayar, bai tanka ba. Sai injiniya ya juya kan wani yaro lebura da ake biya kullum, wanda ya san in ya ce a'a gobe ba shi da aiki, ya ce, "Kai, hau." Baba ya riƙe tsanin, injiniya ya ce in bai saki ba dukanmu mu bar masa wurin. Haka yaron ya hau.

Gaskiya ne an kashe daga tasha. Abin da ba wanda ya sani shi ne, wani mai injin casar shinkafa a ƙauyen gaba ya tayar da janareta bai raba shi da layi ba. Wutar ta koma da baya ta tsohuwar transfomar garinsu, ita kuma ta ɗaga ta ta zuba a kan wayar da yaron ya kama. Da an ɗaure layin da ƙasa, da can wutar za ta bi. Bel ɗin da ya ɗaure kansa da shi a jikin falwaya ne ya riƙe shi yana lilo. Baba, da furfurarsa, shi ya aika a kashe janaretan, shi ya hau ya sauko da shi a kafaɗa. Yaron ya rayu, amma hannunsa na dama ya tashi daga aiki.

Rahoton da aka rubuta cewa ya yi sakacin shugaban ma'aikata ne. Aka yanke wa Baba albashin wata. Mun yi magana, aka ce mu lebura ne, ba mu san aikin ofis ba. Injiniyan kuwa gaba ya yi ta ci.

Baba bai taɓa tayar da zancen ba. Shi ya yi ta kwana asibiti, daga gidansa ake kai abinci safe da yamma, da aka sallami yaron kuma ya haɗa masa jarin cajin waya a tashar mota. Haka gidan nasa yake: 'ya'yansa, jikoki, da marayun wani abokinsa da bai dawo daga yaƙi ba, duk kwano ɗaya. Ban taɓa ganin ya karɓi kuɗin haɗa wuta ta bayan fage ba, ko lokacin da fansho ya yi watanni bai zo ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Sauran abin da na ɗauka wurinsa gajere ne. Ka duba bel ɗinka da kanka. Duk umarnin da aka ba ka da baki, ka nemi a sa shi a takarda. Kada ka bar sabon yaro shi kaɗai a gaban oga.

Ku da kuka rage a aikin, in mai farar riga ya ce ku hau yana duban agogo, ku tambaye shi ina sandar gwaji. A zaman makoki na ga yaron nan, yanzu magidanci ne, yana shimfiɗa wa baƙi tabarma da hannun hagu. Wanda ya ce masa ya hau bai zo ba, bai kuma aiko da gaisuwa ba.