Kafin a sa ranar zaman sulhu

A unguwannin Hausawa na Legas, kamar Agege, Mile 12, Idi-Araba ko Alaba Rago, idan aka yi wa yarinya fyaɗe, hanyar da maganar ke bi kusan ɗaya ce. Uwa ta gaya wa maƙwabciya, a jira maigida ya dawo daga kasuwa, a kai wa liman ko mai unguwa, a sa ranar zama. Kafin a zauna kwana huɗu ko biyar sun wuce. An yi wa yarinyar wanka, an zaunar da ita cikin ruwan ɗumi da bagaruwa, an wanke zanen an shanya. Duk wanda ya sa hannu a ciki da kyakkyawar niyya ya yi, amma a kwanakin nan an rasa abu biyu da ba sa dawowa: damar maganin kariya da kuma shaidar da kotu za ta karɓa.

Abin takaicin shi ne, a duk Nijeriya da wuya a sami garin da ya kai Legas yawan wuraren kai irin wannan kuka, kuma yawancinsu mata ne suka kafa su. Josephine Effah-Chukwuma ta kafa ƙungiyar Project Alert a 1999, ta buɗe gidan fakewa na matan da ake duka mai suna Sophia's Place a 2001. Itoro Eze-Anaba, lauya, ta buɗe cibiyar Mirabel mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe a 2013 cikin asibitin koyarwa na jiha, LASUTH, a Ikeja, wadda ita ce irinta ta farko a ƙasar nan. Dakta Kemi DaSilva-Ibru, likitar mata, ta kafa WARIF, ƙungiya mai taimaka wa matan da aka yi wa fyaɗe, a 2016, cibiyarta tana Yaba. A ɓangaren gwamnati, tawagar da aka kafa a 2014 don amsa ƙarar cin zarafi a gida da fyaɗe ta zama cikakkiyar hukuma da doka a 2021, ita ce DSVA, kuma Titilola Vivour-Adeniyi ce aka ba wa shugabancinta. Lambar hukumar ta kira kyauta ita ce 08000 333 333. Idan rai na cikin haɗari a lokacin, 112 ko 767.

Daga Agege zuwa LASUTH mota ɗaya ce ko biyu. Nisan da ke tsakanin matanmu da wurin nan na harshe ne da kunya, da kuma rashin wanda zai ce “tashi mu je.”

Ga yadda lissafin lokacin yake. Maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki dole a fara shi cikin awa 72, wato kwana uku, kuma gara a ranar farko. Ana shan sa kullum har kwana 28. A nan ne da yawa ke karyewa, domin a makon farko yakan sa tashin zuciya da kasala, sai yarinya ta daina, uwa kuma ta ga ai ta samu sauƙi. Wanda ya tsaya a tsakiya bai samu cikakkiyar kariya ba. A ba ta a lokaci guda kowace rana, idan amai ya yi yawa a koma a gaya wa likita maimakon a ajiye kwalbar. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa shi ma ya fi aiki a kwana ukun farko, ƙarfinsa yana raguwa har zuwa kwana na biyar. Akwai kuma maganin cututtukan sanyi, da allurar ciwon hanta, da ta sarƙewar haƙora idan an ji rauni. A Mirabel da WARIF ba a karɓar kuɗi a kan wannan. Yara maza ma ana duba su a Mirabel, abin da iyaye da yawa ba su sani ba.

Sai shaida. Kada a yi wanka ko tsarki kafin likita ya duba, ko da yake abin da zuciyar kowace uwa ke fara kawo mata ke nan. Kayan da ke jikinta a lokacin, har ɗan kamfai da zanen gado, a naɗe su cikin takarda ko babban ambulan, kowanne daban. Kada a sa su a leda. Leda tana riƙe danshi, kayan su yi fumfuna, abin da za a gwada ya lalace. A 2017 jihar ta buɗe ɗakin gwajin ƙwayar halitta (DNA) nata, kuma da irin wannan gwaji zanen da aka adana da kyau zai iya nuna mai laifi ko da ya rantse da abin da zai kashe shi. Idan kuma an riga an yi wankan, ko kwana ukun sun wuce, a je duk da haka. Za a duba rauni, a yi gwajin ciki da na cututtuka, a rubuta rahoton likita, a haɗa ta da mai ba da shawara.

Ba sai an fara zuwa caji ofis ba. Asibiti ne gaba. Idan an zo kai ƙara, a nemi ofishin da ke da sashen kula da iyali, kamar Isokoko a Agege, Ilupeju ko Adeniji Adele, ko a bar DSVA ta yi jagora. A nan ne maganar harshe take ciwo. Yarinya ta yi bayani da Hausa, wani ɗan acaba da aka tsinta a bakin ƙofa ya fassara da Turancin buroka, ɗan sanda ya rubuta abin da ya fahimta, a dangwala mata yatsa. Don kunya za ta ce “ya taɓa ni” ko “ya ɓata ni,” tafinta ya juya shi yadda ya ji, takarda ta nuna taɓawa kawai. Wata shida ko shekara bayan haka lauyan wanda ake tuhuma zai ɗaga takardar nan a kotu ya ce maganarta ta yau ta saɓa da ta farko. Don haka tafinta ta zama mace, wadda ba dangin kowane ɓangare ba ce, kuma a karanta bayanin a fassara mata shi layi-layi kafin ta dangwala. A rubuta sunan ɗan sandan da ke binciken, da ranar da aka kai ƙara.

Daga nan haƙuri ne. A dokar laifuka ta Legas hukuncin fyaɗe ɗaurin rai da rai ne, haka ma saduwa da wanda bai kai shekara 18 ba, kuma a kan yaro ba a sauraron cewa ai da yardarsa aka yi. Kotun majistare ba ta yanke irin wannan hukunci. Za ta tsare wanda ake zargi, a aika fayil ofishin daraktan gabatar da ƙararraki a ma’aikatar shari’a da ke Alausa, idan ya ga akwai hujja a tafi babbar kotu. A 2018, zamanin da Mai Shari’a Opeyemi Oke take Babbar Jojin jiha, aka ware kotu ta musamman a Ikeja don laifukan fyaɗe. Ana iya shafe watanni kafin fayil ya dawo, kuma a wannan tsakanin ne shari’o’inmu ke mutuwa. An tura yarinya gida Arewa wurin kaka “har ƙura ta lafa,” uba ya canza layin waya, an kira shaida ba a same ta ba, kotu ta sallami mutum. Sai a ce gwamnati ta ci kuɗi. Wani lokaci ma takardar haihuwa ce babu. Katin rigakafi ko rajistar makaranta suna taimakawa wajen nuna shekaru, a neme su tun da wuri.

Game da sulhu, a ganina dattawa suna da hurumi a rikicin kasuwa, da bashi, da saɓanin miji da mata. Fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, kuɗin magani da aka karɓa a zaure bai goge shi ba. Wanda aka rufa wa asiri kuwa a unguwar zai ci gaba da zama, ’ya’yan wasu na wucewa ta ƙofarsa zuwa Islamiyya.

Duka a gidan aure hanyarsa daban ce, kuma ta fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Dokar kariya daga cin zarafi a gida ta 2007 ta ba mace damar neman umarnin kotu da zai hana mijin dukanta, ko yi mata barazana, ko bin ta inda take aiki. Ba saki ba ne, auren yana nan. Ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talaka, OPD, yana tsayawa kyauta. Abin da ke ƙarfafa ƙara shi ne katin asibiti, hotunan rauni da kwanan wata, da saƙonnin murya na barazana da ba a goge ba. A tura kwafinsu wayar ’yar’uwa, don waya ce abin da ake fara ƙwacewa. Matar da ta ga alamar wata rana sai ta gudu, ta ajiye katin shaidarta, da takardun yara, da ɗan kuɗin mota a gidan wadda ta amince da ita. Lokacin barin gida shi ne mafi haɗari, kada a sanar da mijin. A kuma tuna Legas ba ta da kotun shari’ar Musulunci ta gwamnati. Malamai za su iya raba aure ko su shirya hul’i, amma hukuncin riƙon yara da kuɗin ciyarwa da hukuma za ta tilasta, kotun iyali ce ke bayar da shi.

Shugabancin mata a wannan fage ba baƙon abu ba ne ga Musulmin Legas. Alhaja Lateefa Okunnu ta yi mataimakiyar gwamnan jihar daga 1990, kuma ta shugabanci FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta ƙasa. Abin da unguwanninmu suka rasa ƙarami ne idan aka gwada da wannan: mace biyu ko uku a kowace unguwa, amirar Islamiyya, unguwarzoma, ko ’yar da ta yi karatun jinya, masu jin Hausa da Turanci ko Yarabanci, waɗanda bakinsu ke da sakata. Su je Mirabel da ofishin DSVA tun babu abin da ya faru, su ga ƙofar da ake shiga, su san ma’aikatan da fuska. A asusun adashi ko na ƙungiya a ware kuɗin motar zuwa Ikeja da dawowa na mutum uku, a damƙa wa ɗaya daga cikinsu tare da manyan ambulan biyar ko shida.