Karin maganar Turanci da ake cewa ta samo asali daga tauna taba

Idan Bature ya ga mutum ya karɓi aikin da ya fi ƙarfinsa, yakan ce da shi "you have bitten off more than you can chew", wato ka gatsi abin da ba za ka iya taunawa ba. Maganar ta bazu ne a Amurka a ƙarni na 19, kuma masana harshe da dama suna danganta ta da al'adar tauna taba. A wancan zamani ana danne ganyen taba, wanda ake nomawa a jihohi irin su Bajiniya da Kentaki, har ya zama curi mai tauri da mutum zai sa a aljihu. Idan ya miƙa wa abokinsa domin ya gutsura, mai haɗama yakan cika baki fiye da kima, daga nan kuma ya rasa yadda zai yi da shi a gaban jama'a. Al'adar ta yi ƙarfi sosai, har ana ajiye tukwanen tofar da yawu a kotuna da mashaya da zauren Majalisar Dattawan ƙasar.

A ganina, abin lura shi ne wanda maganar take ɗora wa laifi. Babu wanda ya tura wa mutumin tabar a baki. Da haƙoransa ya auna, kuma ya auna ba daidai ba. Saboda haka ba a faɗinta ga ma'aikacin da shugabansa ya jibga wa aiki, ko matar da ɗawainiyar marayu ta faɗo mata. Irin waɗannan ana cewa "they have a lot on their plate", wato farantinsu ya cika, maganar da ke ɗauke da tausayi. Masu koyon Turanci sukan gauraya biyun, su zargi wanda suka yi niyyar jajanta wa.

Mu ma muna cewa taura biyu ba ta taunuwa, sai dai tamu ta fi karkata ga haɗa ayyuka biyu a lokaci ɗaya, alhali ta Turanci tana iya hawa kan aiki guda tak idan ya yi wa mai shi girma. Ɗan kwangilar da ya saba gina shaguna, ya je ya karɓi aikin gada, shi ne ainihin wanda ake nufi da ita.