Jam'iyyar ta faɗi, shekaru takwas ɗin suna nan

Na sauka Danmak a ƙarshen 2014, cikin sanyin da la'asar ɗinsa ke kama da bayan magariba. Maigidana ya riga ni zuwa da shekaru, yana aiki kusa da garin Vejle. Kafin a bar ni in biyo shi sai da aka tabbatar dukkanmu mun kai shekara 24, sai da ya ajiye jinginar kusan kurona dubu hamsin a banki, wai ko da zan zame wa hukuma nauyi. Na ɗauka haka Turai take tun fil'azal. Daga baya na ji dokar ta 2002 ce, kuma wata jam'iyya mai suna Dansk Folkeparti, wato DF, na cikin waɗanda suka haife ta.

Sanina da ita na farko a jikin turakun fitilar titi ne. Ana gab da zaɓen 2015, kowane turke ya sha hotunan 'yan takara, kowace jam'iyya da harafinta. Harafin DF shi ne O, kuma a hanyarmu ta zuwa makarantar koyon harshe duk inda na waiga O nake gani. Ranar zaɓen, 18 ga Yuni, ta zo daidai da farkon azumi. A nan rana ba ta faɗuwa a irin wannan lokaci sai wajen goma na dare, don haka muna zaune da ƙishirwa muna jiran shan ruwa sakamako ya fara fitowa. Kashi 21.1 cikin ɗari, kujeru 37 daga cikin 179, ta biyu a ƙasa baki ɗaya. A taswirar talabijin an shafe kudancin Jutland, yankin da Vejle ke ciki, da rawaya, launin da aka ba DF. Na ce, "Maigida, nan ba wajenmu ba ne?" Ya ce wajenmu ne. Washegari a tashar bas na riƙa ƙirga mutane ina cewa a raina, cikin kowane huɗu akwai wanda ya zaɓi a rage irina.

Malamar ajinmu ce ta ba mu tarihin, da Danishancin da take tauna mana a hankali. Pia Kjærsgaard, wadda a da aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, ita ta ɓalle daga wata tsohuwar jam'iyyar ƙin biyan haraji ta kafa DF a 1995. A 1999 firaminista Poul Nyrup Rasmussen ya faɗa musu a majalisa cewa ba za su taɓa zama “stuerene” ba, kalmar da ake faɗa wa karen da ya koyi tsabta har ana iya barinsa a falo. Shekara biyu bayan nan ya faɗi zaɓe, gwamnatin Anders Fogh Rasmussen ta hau da ƙuri'un DF. Shekara goma 'yan DF suna riƙe da gwamnati daga waje, ba minista ko ɗaya, amma duk kasafin kuɗi sai an biya su da wata sabuwar doka a kan baƙi. A 2015 matar da aka ce ba za ta shiga falo ba ta zama shugabar majalisa.

Ni a jikina na ji. Lokacin da na zo, shekara biyar ake yi kafin a nemi izinin zama na dindindin, na riga na sa ran 2019. A 2016 aka mai da shi shida. A 2017 aka mai da shi takwas. Kamar mai bin inuwarta da yamma. A watan Maris na wannan shekarar ministar harkokin baƙi, Inger Støjberg, wadda ma 'yar Venstre ce, jam'iyyar da ke jagorantar gwamnati a lokacin, ba DF ba, ta sa hotonta a Facebook da kek a hannu tana murnar tsaurara doka karo na hamsin. A 2018 aka hana niƙabi, aka ninka jinginar aure zuwa dubu ɗari, darasin harshen da yake kyauta aka sa wa wasu baƙi biyan kuɗinsa.

A cikin wannan yanayi na sami aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma a nan lissafina na tashar bas ya rikice. Akwai wata tsohuwa da nake wa wanka kullum da safe, mai son kofi da baƙar magana. Tun kafuwar DF take zaɓenta, ba ta kuma ɓoye mini ba. Wata rana ina taje mata kai na tambaye ta dalili. Ta fara lissafo mini: an rufe asibitin garinsu, an rufe makarantar da 'ya'yanta suka yi, bas ya koma sau kaɗan a rana, a 2007 an haɗe ƙaramar hukumarsu da wasu har ba ta san wanda za ta kai wa kuka ba. Ta ce 'yan Kofanhagan ba su san da su ba, Pia kaɗai ke magana irin tasu. Na ce, to baƙin fa? Ta kama hannuna ta ce, “Ai ba ke ake nufi ba.” Wannan magana na ji ta ya fi a ƙirga, daga bakin mutanen da ke ba ni cakulan ranar Kirsimeti. Ban taɓa samun amsar da zan ba su ba, don takardar da ke zuwa mini daga hukumar shige da fice sunana ne a kai.

Zaɓen 5 ga Yunin 2019 ya faɗo cikin bikin ƙaramar Salla. DF ta rikito zuwa kashi 8.7, kujeru 16. Mun yi murna, ba zan ɓoye ba, har wata ƙawata 'yar Somaliya ta kira ni tana guɗa. Maigidana kaɗai ya yi shiru, ya ce in saurari wadda ta ci.

Abin da ya kayar da su ba ɗaya ba ne. A 2015 sun fi kowa ƙuri'a a ɓangarensu na jam'iyyun dama, amma shugabansu Kristian Thulesen Dahl ya ƙi shiga gwamnati, magoya baya suka fara tambayar amfanin ƙuri'ar da ba ta son mulki. Ga maganar kuɗin Tarayyar Turai da aka ce an kashe ba bisa ƙa'ida ba, ga sabbin jam'iyyu da suka fi su zafi. Amma babban dalilin, a ganina, Mette Frederiksen ce, wadda ta zama firaminista bayan zaɓen 2019. Ta ɗauki jam'iyyar Social Democrats ta ce wa irin tsohuwata: ku dawo gida, za mu kula da fansho da asibiti, maganar baƙi kuma ba za mu sassauta ko taku ɗaya ba. Mai sayar da kaya ɗaya tak, ranar da babban kanti ya fara sayar da irinsa, sai ya naɗe tabarma. A 2021 da bakinta ta ce burinta kada a sami mai neman mafaka ko ɗaya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Don in yi adalci, kuɗin darasin harshe an cire shi a 2020. Shekaru takwas ɗina kuwa ko kwana ɗaya ba a rage ba.

Ranar 1 ga Nuwamban 2022 DF, a hannun Morten Messerschmidt, ta sami kashi 2.6, kujeru biyar, da ƙyar ta tsallake kashi 2 da ake bukata don shiga majalisa. 'Yan jarida suna ta rubuta ta'aziyya. A wannan zaɓen dai Støjberg mai kek, wadda aka yanke wa kwana 60 a 2021 saboda umarnin raba ma'aurata masu neman mafaka ba bisa doka ba, ta fito da sabuwar jam'iyya ta kwashe kujeru 14, yawancin ƙuri'un daga Jutland ɗinmu. Tsohuwata ba ta ga wannan ba, ta rasu kafin nan, na je jana'izarta a coci na zauna a layin baya.

A ƙarshen 2022 na cika shekara takwas, na tara takardun albashi da shaidar jarrabawar harshe na miƙa. Izinin ya fito bayan watanni. Yanzu saura zama 'yar ƙasa: tambayoyi 45 a kan tarihi da al'adu, sannan sunana ya shiga cikin wata doka da majalisa za ta kaɗa wa ƙuri'a, sannan biki a ƙaramar hukuma inda dole in yi musabaha da jami'i, hannu da hannu ba safar hannu. Wannan ma dokar 2018 ce da DF ta matsa aka yi. Da na ba Inna labari a waya ta ce, “To ke da kike wanke tsofaffinsu, hannun naki ne ba su taɓa ba?” Na ce Inna bari, littafin jarrabawar na gabana, ina babin sarakuna.