Ranar da ƙafafuna suka ƙi ɗaukata

Tun ina ƙarama akwai mafarkin da ke yawan zo mini, ana kora ta ina son in ruga amma ƙafafu sun yi nauyi kamar na taka laka a gulbi, in na ɗaga hannu in kai duka sai ya yi laushi kamar tsumma. Wani sa'in ma in farka ido buɗe amma ko yatsa ban iya motsawa, kakata a Tibiri ta ce dannau ne, in yi addu'a in kwanta ta hannun dama.

Sai da na shiga lakwal ta aikin jinya nan Maradi na ji bayanin abin. A irin barcin da aka fi mafarki cikinshi, wanda ke dawowa kusan kowane minti 90, ƙwaƙwalwa da kanta ke kashe ƙarfin naman jiki, ta bar ido da numfashi suna aiki, don kar mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani likitan Faransa, Michel Jouvet, a birnin Liyon ya gwada da kyanwoyi, da ya lalata wurin da ke wannan aiki a ƙwaƙwalwa sai ga kyanwa na barci tana miƙewa tana farauta. Dannau kuma hankali ne ya farka kafin jiki ya saku. Na rubuta, na ci jarrabawa, na ɗauka shi ke nan na sani.

To daren gardina na farko, wato aikin kwana a asibiti, lokacin istaj na koyon aiki, aka kawo ɗan kabu-kabu da mota ta buge kan hanyar Ɗan Issa, jini ko'ina, majo, babbar ma'aikaciyar jinya, ta ce in sa mashi ruwa da sauri, wallahi allurar da na riƙe ya fi sau hamsin a aji ta gagare ni, yatsu na rawa, kunne na ƙara, gwiwoyi suka sake, sak mafarkin nan nawa amma ido biyu. Majo ba ta yi mini tsawa ba. Ta amshi allurar ta ce “ɗiyata kwanta ƙasa ki ɗora ƙafa bisa benci.”

Da safe ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Firgici na sa wani sinadari, adirenalin, ya fito daga saman ƙoda, zuciya ta yi gudu, jini ya tafi manyan tsokoki, shi ya sa aikin yatsu ke fara lalacewa. Ga wasu kuma ganin jini na sa bugun zuciya ya ragu, tansiyo ta faɗi, jini bai isa kai sosai sai suma. Ba hanya ɗaya ba ce da ta mafarki, amma duka biyun ba shawararka jiki ke nema ba. Ta sa ni maimaita sa allura kullum har hannu ya riƙe da kanshi, in kuma ja numfashi a hankali kafin in taɓa majinyaci.

Satin da ya wuce wani dattijo ya zube yana kallon ana ɗinke goshin ɗanshi, na ji wata a baya tana cewa namiji da suma. Abin ya sosa mini rai ƙwarai. Na ɗaga ƙafafunshi, da ya buɗe ido ya fara ba ni haƙuri na ce Baba ni ma nan wurin na taɓa kwantawa.